Wuƙar Aljihu: Yadda Ake Zaɓen Ta Gari da Kuɗi Kaɗan

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, maza da mata, darasinmu na yau ya shafi wuƙar aljihu. Ita ce ƙaramar wuƙar nan da ake naɗewa a jefa cikin aljihu. Ƙaramar aba ce, amma mai ita ya san ranarta. Idan ka sayi ta gari, za ta yi maka aiki shekara da shekaru. Idan ka sayi ta banza, ka yi asarar kuɗinka, wataƙila har ka yi asarar yatsa.

A ƙaramar hukumar Rumbu, cikin gundumar Dakwaro ta jihar Maraɗi, noma da kiwo tare suke tafiya. Ƙasar tana kusa da kwarin Tarka, wajen da gonaki ke ƙarewa, dajin kiwo ya fara. Mutum ɗaya shi ne mai shuka gero da wake, shi ne kuma mai awaki da tumaki. Kafin rana ta faɗi zai yanke igiya, ya gyara guga a bakin rijiya, ya huda fata, ya rage rassan itace a gona, ya fere abin da zai ci. Duk waɗannan ayyuka suna neman kaifi.

Ranar kasuwa, a Sakabal ko a Dakwaro, za ka tarar da wuƙaƙe iri-iri a gaban ƴan koli. Dukansu suna walƙiya, amma ba dukansu ne na gari ba. Wannan darasi zai nuna maka yadda za ka bambanta su, da yadda za ka yi aiki da wuƙarka ba tare da ta jawo maka ciwo ba.

1. Sassan wuƙar aljihu

Kafin ka zaɓi abu, sai ka san sunan sassansa.

Baki: shi ne ƙarfen da ke yanka. Maƙera suna ce masa ruwan wuƙa. Don kada ya rikice mana da ruwan sha, a nan za mu ce masa baki. Wata wuƙar tana da baki ɗaya, wata biyu, wata uku ko fiye.

Kaifi: gefen bakin da ake wasawa.

Tsini: ƙarshen bakin.

Ƙota: wajen riƙewa. Cikinta bakin ke kwanciya idan an naɗe shi.

Ƙusa: ita ce ta haɗa baki da ƙota. A kanta bakin ke juyawa.

Ƙarfen baya: wani siririn ƙarfe ne mai ƙarfi, a kwance a bayan ƙota. Wasu suna ce masa sifirin. Shi ke riƙe baki idan an buɗe, shi ke riƙe shi idan an rufe.

Makulli: wasu wuƙaƙe suna da zobe ko wani ƙarfe da ke kulle baki idan an buɗe. Yawancin wuƙaƙe masu baki da yawa ba su da makulli. Ƙarfen baya kaɗai ke riƙe su. Ka riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

2. Wuƙaƙen da aka sani a duniya

Wuƙar da iyayenmu suka sani ita ce ta maƙerin gari, mai kube. Ba a naɗe ta. Tana da ƙarfi, tana da sauƙin kuɗi, kuma idan ta lalace maƙeri yana kusa. Wuƙa mai naɗewa daga waje ta zo mana. Ga huɗu da suka yi suna:

Opinel: wuƙar manoman Faransa ce. Wani mai suna Joseph Opinel ya fara ƙera ta a 1890. Ƙotarta ta itace ce, bakinta ɗaya. A 1955 aka ƙara mata zoben da ke kulle baki. Kowace tana da lamba. Mai lamba 8 tsawon bakinta santimita 8 da rabi ne.

Okapi: an fara yin ta a garin Solingen na ƙasar Jamus a 1902, don sayarwa a Afirka. A 1988 aikin ƙera ta ya koma Afirka ta Kudu. Ana gane ta da zoben da ake ja a bayan ƙota kafin a rufe ta.

Douk-Douk: an fito da ita a Faransa a 1929. Ƙotarta ƙarfe ne da aka ninka biyu. Ta yi kasuwa ƙwarai a arewacin Afirka. Akwai wani irinta mai suna El Baraka, wanda aka zana wa alamar nan ta Agadas a jikin ƙota.

Wuƙar sojan Suwis: wani maƙeri mai suna Karl Elsener ya buɗe maƙerarsa a 1884. A 1891 ya fara kai wa sojojin ƙasarsa wuƙa. Wuƙar sojan ta wancan lokaci abu huɗu ke cikinta: baki ɗaya, abin huda, abin buɗe gwangwani, da abin kwance ƙusa. Kamfaninsa shi ne ake kira Victorinox a yau.

Akwai kuma wata wadda makiyayan shanu na Amurka suka riƙe fiye da shekara 100. Ita ce mai baki uku. Da yake aikinsu ya yi kama da namu, bari mu duba ta da kyau.

Baki na farko dogo ne mai tsini. Shi ne na aikin yau da kullum.

Baki na biyu gajere ne, kaifinsa miƙe yake, ba shi da tsini mai soka. Da shi suke gyaran ƙofato da yankan fata da igiya.

Baki na uku gajere ne mai zagayayyen kai. Da shi suke fiɗiye dabbobi, don kada tsini ya soki inda ba a nufa ba.

Hikimar a fili take. Kowane aiki da bakinsa. Igiya da fata suna dakushe wuƙa da sauri. Idan ka ware musu baki ɗaya, ɗayan zai zauna da kaifinsa sai ranar da ka bukace shi.

3. Baki nawa kake bukata?

Kada ka ce wadda ta fi yawan baki ita ta fi kyau. Akwai wuƙaƙe masu arha da aka cika da tarkace: ɗan almakashi, ɗan zarto, abin buɗe kwalba, abin goge farce. Ana ganinsu sai a ce an samu abu goma da kuɗin ɗaya. Amma ka yi tunani. Idan abu goma suka zo da arha, to kowane ɗaya an yi shi da ƙarfe marar kyau. Kuma ƙasarmu ta rairayi ce. Duk inda aka yi mahaɗa, rairayi zai shiga. Wuƙa mai mahaɗa da yawa ita ke saurin cijewa.

Saboda haka ka fara da lissafa aikinka.

Idan kai manomi ne, baki biyu sun ishe ka: babba don aikin gona, ƙarami don abinci.

Idan kana da dabbobi, ka nemi mai baki uku, ko mai baki biyu da abin huda. Abin huda yana yin aikin basilla wajen gyaran guga, da takalmi, da kayan jaki.

Idan kana da keke ko rediyo ko tocila, abin kwance ƙusa zai amfane ka.

Idan kuɗinka kaɗan ne, wuƙa mai baki ɗaya mai kyau ta fi mai baki biyar marar kyau.

Game da girma, wuƙar da tsawonta a naɗe ya kai santimita 9 ko 10 ta isa. Wato ta kusa faɗin tafin hannun babban mutum. Wadda ta fi haka tana yaga aljihu. Wadda ba ta kai haka ba tana kuɓuce wa hannu.

4. Wane irin ƙarfe?

Ƙarfen wuƙa iri biyu ne. Yawanci akwai rubutu a gindin baki, kusa da ƙusa. Ka karanta shi.

Na farko shi ne baƙin ƙarfe mai tauri. A wuƙaƙen Faransa akan rubuta masa CARBONE. Yana ɗaukar kaifi sosai, kuma yana da sauƙin wasawa a kan dutse. Aibinsa shi ne tsatsa. Idan ka yanka albasa ko lemo ka bar shi, zai yi duhu. Duhun nan ba laifi ba ne. Jar tsatsa ita ce laifi.

Na biyu shi ne ƙarfen da ba ya saurin tsatsa. Akan rubuta masa INOX, ko STAINLESS, ko ROSTFREI. Duk ma'anarsu ɗaya. An gauraya shi da wani ƙarfe mai suna kurom, abin da ya haura kashi 10 cikin 100. Shi ke hana tsatsa. Yana da sauƙin wankewa, don haka ya dace da abinci. Amma mai arha a cikinsa laushi gare shi, ba ya riƙe kaifi.

A wajenmu rani ya fi damina tsawo, tsatsa ba ta cika damun wuƙar da ake gogewa ba. Mai son kaifi ya ɗauki baƙin ƙarfe. Mai yawan aiki a bakin rijiya ko cikin lambu ya ɗauki INOX.

A kula: suna a jikin wuƙa ba shaida ba ce. Ana kwaikwayon wuƙaƙen da suka yi suna. Ta ainihi rubutunta a tsare yake, an buga shi cikin ƙarfe. Ta jabu sau da yawa rubutunta a karkace yake, ko an sauya baƙi ɗaya a cikin sunan. Idan ka ga babban suna da ƙaramin kuɗi, ka yi shakka.

5. Gwaji bakwai kafin ka biya

Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Ka nemi izinin mai kaya, ka yi waɗannan gwaje-gwaje a gabansa.

Na 1. Ka buɗe kowane baki da farcen babban yatsa. Ya kamata ya buɗe ba tare da ya karya maka farce ba. Kada kuma ya buɗe da kansa idan ka girgiza wuƙar.

Na 2. Ka saurara. Baki mai kyau yana yin ƙara "ƙas" idan ya gama buɗewa, haka ma idan ya rufe. Wannan ƙara ita ke nuna ƙarfen baya yana da ƙarfi. Idan bakin ya tafi shiru, salalo-salalo, ka ajiye ta.

Na 3. Ka riƙe ƙota da hannu ɗaya, ka kama bayan bakin da ɗaya hannun, ka motsa shi dama da hagu. Kada ya yi rawa. Bakin da ke rawa tun yana sabo, ƙusarsa ba za ta daɗe ba.

Na 4. Ka rufe wuƙar, ka shafa yatsa a hankali a kan ƙota. Tsinin kowane baki ya ɓuya cikin ƙota sarai. Idan tsini ya leƙo, zai yanke ka ranar da ka sa hannu cikin aljihu.

Na 5. Ka duba ko bakunan suna gogar juna idan ana rufe su. Ɗan gogayya kaɗan ba kome. Amma idan kaifin ɗaya yana bugun ɗaya, ko yana bugun ƙarfen baya, kullum zai dakushe.

Na 6. Ka ɗaga wuƙar sama, ka duba bayan ƙota wajen haske. Idan haske yana ratsawa ta manyan kafofi, rairayi ma zai ratsa. Ka duba ƙusoshi, kada su tsaya sama su ci maka hannu. Ƙotar itace ko ƙarfe ko ƙaho ta fi ta roba mai ƙyalli, wadda zafin rana ke fasawa.

Na 7. Ka gwada kaifi da guntun igiya ko takarda. Kada ka gwada da yatsa. Akwai wata dabara: ka juya kaifin sama, wajen rana. Kaifi mai kyau ba ya ƙyalli. Duk inda ka ga ɗan farin haske a kan kaifi, wurin ya dakushe. Rashin kaifi ba babban aibi ba ne, ana wasawa. Amma bakin da ka ɗan danna gefensa ya lanƙwashe, ya ƙi komawa daidai, ƙarfensa na banza ne.

6. Mu yi lissafi

Ga misali. Kuɗin da za mu faɗa na lissafi ne kawai, domin farashi yana sauyawa daga kasuwa zuwa kasuwa.

A ce wani ya sayi wuƙa jika ɗaya, wato sefa 1.000. Bayan wata 4 ta lalace, ya sayi wata. A shekara ɗaya ya sayi 3, ya kashe sefa 3.000. A shekara 3 ya kashe sefa 9.000.

A ce maƙwabcinsa ya sayi ta jika huɗu, wato sefa 4.000. Ta yi masa shekara 3, tana nan da ƙarfinta.

Wa ya sayi mai arha? Maƙwabcin ne. Ya tsira da sefa 5.000. Shi ya sa aka ce sayen na gari mai da kuɗi gida.

Wannan ba ya nufin duk mai tsada ce ta gari. Gwaji bakwai ɗin nan su ne alƙali. Tsohuwar wuƙa da ta ci gwajin ta fi sabuwar da ta faɗi. Lokacin saye kuma shi ne kaka, sa'ad da akwai ɗan abin hannu. Kada ka sayar da hatsin gida, kada ka ci bashi saboda wuƙa.

7. Aikinta, da wanda ba nata ba

A gona: tun shekarun 1980 manoman jihar Maraɗi suka yi suna wajen rainon tohon itace a cikin gonakinsu. Ana zaɓen kututture mai toho, kamar na sabara ko kalgo ko magarya. A bar rassa masu ƙarfi waɗanda ba su wuce 5 ba, a yanke sauran. Wuƙar aljihu mai kaifi tana yin wannan aiki idan reshen bai fi kaurin yatsa ba. A yanka daga ƙasa zuwa sama, don kada ɓawo ya saɓule. Wanda ya fi yatsa kauri, aikin adda ne ko gatari.

A garke: dabbar da ke ɗaure a turke, kamar ragon da ake kiwatawa, ƙofatonta yana tsawo har ya lanƙwashe, ta riƙa ɗingishi. A kama ta da kyau, a cire ƙasar da ke ciki, a fere ƙofaton kaɗan-kaɗan da baki marar tsini. Da an ga wurin ya fara ja, a tsaya. Jini na kusa.

Ga ayyukan da ba na wuƙar aljihu ba ne:

Yankan dabba. Bakinta gajere ne, zai wahalar da dabbar. Yanka yana son doguwar wuƙa mai kaifi.

Fiɗiya. Ko da wuƙarka tana da baki na uku, ya fi kyau ka kira malamin dabbobi. Suna da wani ƙarfe mai kama da awartaki, sunansa Burdizzo. Yana matse jijiya ba tare da an tsaga fata ba. Inda babu rauni, ƙuda da tsutsa ba su da mashiga.

Soka abu mai tauri, ko ɓamɓare ƙusa, ko buɗe murfi. Ka tuna mun ce yawancinsu ba su da makulli. Idan ka danna tsini da ƙarfi, bakin zai rufe a kan yatsunka.

Faɗa. Wuƙa kayan aiki ce. Idan gardama ta tashi a gona ko a bakin rijiya, ka bar ta cikin aljihu, ka kai ƙara wurin mai gari. Fushin minti ɗaya yana jawo nadamar shekaru.

8. Wuƙa da lafiyar iyali

Wuƙa tana iya ɗaukar cuta daga wani wuri ta kai wani. Ƙwayoyin cuta ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Wuƙa tana iya yin ƙyalli alhali tana ɗauke da su.

Ciwon sarƙe haƙora, wanda likita ke kira tetanos. Ƙwayarsa tana zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi. Tana shiga jiki ta rauni. Mutane suna cewa tsatsa ce ke kawo shi. Ba tsatsa ba ce, dauɗar da ke jikin ƙarfen ce. Ciwon yakan bayyana tsakanin kwana 3 da kwana 21 bayan rauni. Baki ya ƙi buɗuwa, wuya da baya su sandare. Yana kisa.

Jariri ma yana kamuwa da shi idan aka yanke cibiya da abu mai dauɗa. Yaron da ke shan nono lafiya sai ya daina sha cikin mako na farko ko na biyu, jikinsa ya ƙage. Saboda haka kada a taɓa yanke cibiya da wuƙar aljihu. Haihuwa a gidan likita ta fi. Idan ta kama a gida, a yi amfani da sabuwar reza da ba a taɓa buɗewa ba. Kada a sa toka ko ƙasa ko kashin shanu a cibiya. A 2016 aka tabbatar cewa Nijar ta rage wannan ciwo na jarirai zuwa ƙasa da 1 cikin haihuwa 1.000 a kowace gunduma. Allurar rigakafi da haihuwa mai tsabta su suka kawo haka. Ƙwayar cutar kuwa tana nan cikin ƙasa. Idan aka yi sakaci, ciwon zai komo. Mace mai ciki ta je awo ta karɓi allura. Yaro ya karɓi tasa yana da mako 6, da mako 10, da mako 14.

Ciwon hanta da sida. Waɗannan suna bin jini. Ƙwayar ciwon hanta mai lamba B tana rayuwa a busasshen jini har kwana 7, ko fiye. Don haka kada mutum biyu su yi aski, ko yankan farce, ko cire ƙaya da baki ɗaya. Kowa da rezarsa.

Cututtukan dabbobi. Idan dabba ta faɗi ta mutu farat ɗaya, baƙin jini yana fita ta hanci ko ta baya, ana zaton ciwon saifa ne. Kada a feɗe ta, kada a ci namanta, kada a ɗauki fatarta. A kira malamin dabbobi. A 2016 zazzaɓin da ake kira na kwarin Rift ya ɓulla a jihar Tawa, wajen Cintabaradan da Tasara. Ya kashe dabbobi, ya kashe mutane. Ɗaya daga cikin hanyoyin kamuwa da shi ita ce taɓa jinin dabba marar lafiya, ko ɗan da ta yi ɓarinsa.

Saran maciji. Kada a tsaga wurin da wuƙa. Tsagawa ba ta fid da dafi. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, idan aka tsaga sai jini ya ƙi tsayawa. A kwantar da mutum, a hana ƙafar ko hannun motsi, a kai shi gidan likita da gaggawa.

Mun ce a ware baki ɗaya don abinci. Wannan yana da kyau, amma bai isa ba. Duka bakunan cikin ƙota ɗaya suke kwana. Idan ka rufe mai dauɗa, ya shafa wa mai tsabta. Saboda haka duk bakin da ya taɓa jini ko ƙofato ko kashi, a wanke shi da ruwa da sabulu kafin a rufe. Idan ya taɓa jini, a tafasa wuƙar minti 20 idan ƙotarta ta ƙarfe ce. Idan ta itace ce, a tafasa bakin kaɗai. Sannan a busar da ita.

9. Idan wuƙa ta yanke ka

Na 1. Ka danne wurin da tsumma mai tsabta, minti 10, ba tare da kana leƙawa ba.

Na 2. Ka ɗaga hannun sama da ƙirji.

Na 3. Idan jini ya tsaya, ka wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu, har ƙasa ta fita duka.

Na 4. Ka rufe da tsumma mai tsabta. Ka sauya shi kullum.

Na 5. Kada ka sa ƙasa, ko toka, ko garin taba, ko kashin dabba, ko baƙin mai.

Ka tafi gidan likita a ranar idan raunin mai zurfi ne, ko jini ya ƙi tsayawa, ko yatsa ya daina motsi, ko wuƙar tana da dauɗa. Ka gaya wa likita ko ka taɓa yin allurar tetanos, da kuma yaushe. Idan daga baya wurin ya kumbura, ya yi zafi, ya fara ruwa, ko zazzaɓi ya zo, ka koma.

10. Yadda ake kula da ita

Washi: ka sami dutsen washi mai laushi, ka jiƙa shi da ruwa. Ka kwantar da bakin a kan dutsen, ka ɗaga bayansa kamar kaurin alƙalami. Ka tura shi gaba, kamar kana son fere dutsen. Ka yi sau 10 a gefe ɗaya, sau 10 a ɗaya gefen. Ka ƙarasa da goga shi a kan tsohuwar fata, kana ja da baya. Kada ka kai ta ga injin washi mai gudu. Zafinsa yana kashe taurin ƙarfe, kuma yana cinye baki. Ka sani wuƙa dakusasshiya ta fi mai kaifi haɗari, domin sai ka danna da ƙarfi, ta zame.

Tsabta: ka fid da rairayi daga cikin ƙota da tsinke, ka hure. Lokacin hunturu, da ƙura ta yi yawa, ka yi haka kowane mako.

Mai: ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a kan ƙusa ya isa. Mai da yawa yana tara rairayi. Bakin abinci kuwa a shafa masa ɗan man gyaɗa, a goge.

Gyara: idan ƙusa ta yi sako-sako, maƙeri zai buga ta kaɗan ta koma daidai.

Ajiya: ka ɗaura mata igiya idan tana da kafa, don wuƙar da ta faɗi cikin rairayi da wuya a gan ta. Ka riƙa yanka kana nesanta kaifi da jikinka. Kada ka buɗe baki biyu lokaci ɗaya. Ka rufe ta kafin ka miƙa wa wani. Da dare ka ajiye ta inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Tambayoyi

Ku tattauna waɗannan da abokan karatunku, sannan kowa ya rubuta amsarsa.

1. Mene ne aikin ƙarfen baya?
2. Me kalmar INOX take nufi a jikin wuƙa?
3. Ka faɗi gwaji huɗu daga cikin bakwai da ake yi kafin a biya.
4. Don me ba a yanke cibiyar jariri da wuƙar aljihu?
5. Me za ka yi idan akuyarka ta mutu farat ɗaya, baƙin jini yana fita ta hancinta?
6. Wuƙa ta sefa 1.500 tana yin wata 6. Wata ta sefa 5.000 tana yin shekara 4. A cikin shekara 4, nawa kowane mai saye zai kashe? Nawa ne bambancin?
7. Ka ɗauko wuƙar da ke gidanku, ka yi mata gwaji bakwai. Gwaji nawa ta ci?